Darasi Na Goma Sha Huɗu: Ƙasusuwan da Suka Zama Dutse

A wannan darasi za mu karanta bayani a kan burbushin halittun dauri, wato ragowar dabbobi da tsirrai da suka rayu tun kafin a fara rubuta tarihi, da dalilin da ya sa ake killace wuraren da ake samun su. Ku karanta shi sau biyu, da farko a zuci, sannan a bayyane, kuna lura da haruffa masu ƙugiya, domin za mu koma kansu a ƙarshen darasi.

Daga Kumagannam za mu fara

Garin Kumagannam yana cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari, a arewacin Jihar Yobe, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya taso daga Nguru ko Gashuwa ya nufi can zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa. Gonakin gero suna raguwa, itatuwa suna yin nesa da juna, har a kai inda tuddan rairayi suke jere kamar ayarin raƙuma ya durƙusa. A tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu damshi da ake kira dausayi. A nan goruba da dabino suke tsirowa, a nan makiyaya suke shayar da dabbobinsu, a nan kuma ake haƙar kanwa. Yawancin mazauna yankin Mangawa ne, wani reshe na Barebari, tare da Fulani da Hausawa.

Baƙon da ya ga wannan ƙasa zai ɗauka haka take tun fil azal. Amma lakar da ke kwance a ƙarƙashin dausayin tana ba da wani labari dabam. Kowace shekara iska da ruwa suna zuba ƙura da ganye da garin fure a cikin kwarin, su nutse, wata shekara ta zo ta rufe su da nata. Da haka laka take taruwa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Garin fure kuwa, duk da ƙanƙantarsa, yana da ɓawo mai tauri wanda ba ya ruɓewa da wuri, kuma kowace irin shuka da siffar nata garin.

A shekarun 1990 masana daga jami'o'in Ingila da Jamus, tare da takwarorinsu na Nijeriya, sun kafa bututu a dausayin Kajemarum da tafkin Bal, waɗanda ba su da nisa sosai da Kumagannam, suka zaro laka daga zurfi. Da suka duba ta da na'urar ƙara girman abu, sai suka tarar da garin furen itatuwan fadama irin su malmo da bambami, waɗanda a yau sai an gangara kudu sosai ake ganin su da yawa. Binciken da Ulrich Salzmann da Martyn Waller suka wallafa a 1998 ya nuna cewa tun wajen shekara 10,000 da suka wuce kurmin fadama ya kewaye waɗannan kwaruruka, bai ja da baya sosai ba sai kimanin shekara 3,300 da suka wuce, lokacin da ruwan sama ya ragu.

Akwai wata shaida a jihar wadda ido yake iya gani ba tare da na'ura ba. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kamar mita 5. Bai fasa shi ba, bai kuma ɓoye ba. Ya kai labari ga mai gari, labari ya hau sama har ya isa Jami'ar Maiduguri. A 1994 masana daga Maiduguri da Jami'ar Farankfot ta Jamus suka tone wurin, suka sami kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda aka sassaƙa daga gungumen itace guda. Shekarunsa sun kai 8,000, kuma shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Yanzu yana Damaturu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da suka ɓata lokaci suka sassaƙa jirgi irin wannan, lalle suna da ruwan da za su tuƙa shi a kai.

Ruwan kuwa ya wanzu. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Ku gwada wannan da murabba'in kilomita 25,000 da tafkin yake da shi a farkon shekarun 1960, kafin ya ƙara janyewa. Har yanzu ana ganin tsohuwar gaɓarsa, wani dogon tudun yashi da ya ratsa ta Bama da Maiduguri ya nufi arewa maso yamma.

Yadda ƙashi yake zama dutse

Kwalekwalen Dufuna itace ne har yanzu, damshin ƙasa ne ya adana shi. Burbushin da ya kai miliyoyin shekaru kuwa yakan rikiɗe ya zama dutse, kuma ba kowace halitta take samun haka ba. Dabbar da ta mutu a fili, ungulu da kura za su cinye namanta, rana da iska su farfasa ƙasusuwanta, cikin 'yan shekaru babu ko alamarta. Amma idan ta mutu a bakin tafki ko kogi, laka ta rufe ta da wuri, to ƙasusuwa da haƙora sukan tsira. Ruwan da ke tsatsafowa ta cikin ƙasa yana ɗauke da ma'adinai. Sannu a hankali ma'adinan suke cike ƙananan ramukan da ke jikin ƙashin, har ya yi nauyi ya yi tauri, alhali siffarsa tana nan yadda take. Haka ma gungumen itace, yakan zama dutse da zanen jikinsa duka. Wani lokaci ma halittar kanta takan ɓace, sai sawunta ko hoton ganyenta ya rage a jikin dutse.

Ta yaya ake sanin shekarun abin da aka tono? Hanya ta farko mun ambace ta: shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama. Ta biyu ita ce auna wasu sinadarai da suke raguwa a kan ƙa'ida. Kowane mai rai yana da wani nau'in kabon a jikinsa, wanda yake fara raguwa da zarar ya mutu, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara 5,730. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna. Sai dai wannan ma'auni ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Abin da ya girmi haka, sai a nemi wasu sinadaran a cikin duwatsun da suka rufe shi, ko a gwada dabbobin wurin da na wani wuri da aka riga aka san shekarunsa.

Hamadar Jurab

Idan ana maganar dabbobi masu shayarwa na dauri a yankin Tafkin Chadi, wurin da ya yi fice shi ne hamadar Jurab, a arewacin ƙasar Chadi. A yau babu kome a can sai rairayi da iska mai ƙarfi. Iskar ce ma take yi wa masu bincike aiki: tana kwashe yashi, ta bar ƙasusuwa a fili.

Ranar 19 ga Yuli, 2001, mutum huɗu, uku 'yan Chadi ɗaya Bafaranshe, suna bin sawun irin waɗannan ƙasusuwa a wani wuri mai suna Toros-Menalla. Ɗaya daga cikinsu, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon kan wata halitta da ta rayu kimanin shekara miliyan 7 da suka wuce. Aka raɗa mata suna Tumai, wato "fatan rayuwa" a harshen Dazawa. Shugaban ayarin binciken, Michel Brunet na Jami'ar Poitiers ta Faransa, ya sanar da duniya a 2002. Ƙwaƙwalwar halittar ƙarama ce kamar ta biri, amma haƙoranta da gindin ƙoƙon kanta suna da wasu siffofi da suka yi kama da na mutum, kuma har yau masana suna muhawara a kan ko da ƙafa biyu take tafiya.

Sunan Tumai ya cika duniya, har ya rufe na maƙwabtansa. A ganina maƙwabtan nan sun fi shi ba da labarin ƙasar. A shimfiɗar da aka same shi an tattara dubban ƙasusuwa: na dorina, na dangin giwa, na dangin raƙumin dawa, na barewa iri-iri, na manyan aladun daji, na kura, na dabgi, na birai, da na karen ruwa. Akwai wani doki mai yatsu uku a kowace ƙafa. Akwai wata dabba dangin zaki mai dogayen fiƙoƙi kamar wuƙaƙe, wadda ta fi zakin yau girma. Ga kuma kada, da kunkuru, da mesa, da kifaye, har da giwan ruwa.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan jeri. Dorina da kada da giwan ruwa ba sa rayuwa sai da ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa. Biri yana bukatar itatuwa. Doki da barewa suna bukatar fili mai ciyawa. Tun da an same su duka a wuri guda, to wurin ya haɗa tafki da kurmi da makiyaya. Wanda ya san fadamun Hadeja da Nguru a ƙarshen damina, inda ruwa da ciyawa da rairayi suke maƙwabtaka, zai iya kwatanta yadda Jurab take a wancan zamani. Tsirran ma sun bar shaida: an sami saiwoyin da suka zama dutse, da gidajen gara, har da dunƙulen kashin da buzuzu yake mirginawa.

Akwai wani burbushin kuma wanda yake zuwa har cikin ɗakunanmu. A kusa da Jurab akwai wani ƙaton kwari mai suna Bodele, inda tsohon tafkin ya fi zurfi. Ƙasan kwarin fari ne fat, domin cike yake da ɓawon wasu mitsi-mitsin tsirran ruwa da suka mutu suka taru shekara da shekaru. Da hunturu iska takan kwashi wannan farin gari ta yo kudu maso yamma da shi. Kaso mai yawa na ƙurar da take rufe sararin Nguru da Gashuwa da Kano a watan Disamba da Janairu daga can take fitowa. Wata ma takan ƙetare Tekun Atalantika ta sauka a dajin Amazon, ta zama taki. Duk ɗalibin da ya share bencinsa da safe a lokacin hunturu ya taɓa ragowar wancan tafki da hannunsa.

Kafin dabbobi masu shayarwa su yawaita

Idan muka ƙara komawa baya, za mu shiga zamanin manyan dabbobi masu jan ciki. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai ƙasusuwan dainoso da suka haura shekara miliyan 100. Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aiki a can a tsakiyar shekarun 1960, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya biyo. A cikin abin da aka samu akwai wata dainoso mai cin ganye da aka sa wa sunan Nijar, *Nigersaurus*, mai haƙora kimanin 500, da wani kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. A yankin In Gall kuma ana samun gungumen itatuwa da suka zama dutse. Wanda ya ziyarci Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi a tsaye.

Ƙasar Sakkwato ita kuma teku ce ta taɓa rufe ta, wani hannun teku da ya ratsa Sahara. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ta samu ne daga ɓawon halittun wannan teku, kuma akwai wata dabbar ruwa mai jan ciki da masana suka sa wa sunan Goronyo, *Goronyosaurus*.

Me ya sa ake killace su?

Wani zai ce, abin da ya jure shekara miliyan 7, me zai same shi yanzu? Amsar ita ce, a binne ya jure. Da zarar iska ta tone shi, rana da yashi za su fara cin sa, ƙafar raƙumi ko tayar mota ta murƙushe shi. Amma babbar ɓarnar daga hannun mutum take zuwa, har da mutum mai kyakkyawar niyya. Wanda ya tsinci haƙori ya sa a aljihu ya kai gida ya raba shi da shimfiɗar da za ta faɗi shekarunsa, ya kuma raba shi da maƙwabtansa. Da a ce an kwashe ƙasusuwan Toros-Menalla ɗaya bayan ɗaya an sayar wa masu yawon buɗe ido, da ba wanda zai san dorina da doki sun sha ruwa a tafki ɗaya. Kamar a yage shafi ne daga littafi: rubutun yana nan, amma ba a san abin da ya gabace shi ko abin da ya biyo shi ba. Kuma idan an yanke kurmi ana iya sake dasawa, burbushi kuwa ba a shuka shi.

Wani misali na wurin da aka killace sosai yana ƙasar Masar. Sunansa Wadi al-Hitan, a yankin Fayyum, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Alƙahira. "Hitan" jam'in kalmar Larabci ce ta ƙatuwar dabbar teku da Turawa suke kira wel. Tana kama da kifi, amma haihuwa take yi ta shayar da ɗanta nono. A wannan kwari akwai ɗaruruwan ƙwarangwal na irin waɗannan dabbobi da suka rayu wajen shekara miliyan 40 da suka wuce, wasu tsawonsu ya haura mita 15, da 'yan ƙananan ƙafafun baya da ba su kai mita guda ba. Akwai kuma ƙasusuwan dangin ayu, dabbar nan da masunta suka sani a kogin Binuwai da Kwara. A 2005 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren gadon duniya. An shata hanyoyin da baƙi za su bi da ƙafa, an bar ƙasusuwa da yawa a kwance inda aka same su, an kuma buɗe gidan tarihi a wurin a 2016.

A Amurka ma akwai irinsa a jihar Oregon, mai suna John Day, wanda aka kafa a 1975. Duwatsunsa sun adana ganye da 'ya'yan itace da ƙasusuwan dabbobi na tsawon fiye da shekara miliyan 40, kuma doka ta hana kowa ɗaukar ko da ɗan guntu. A cikin dabbobin har da kakannin raƙumi. Wannan yakan ba ɗalibai mamaki, amma dangin raƙumi a Amurka ta Arewa suka fara bayyana, daga can suka bazu zuwa Asiya, daga baya suka iso Afirka.

A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci irinsu ya sanar da hukuma. Kafin irin wannan doka abubuwa da yawa sun fita. Muƙamuƙin wata dabbar wel ta dauri da aka samu a Ameki, a kudu maso gabashin ƙasar nan, aka kuma bayyana ta a wajejen 1920, yana wani gidan tarihi a Landan, kuma sunan Gwamna Lugga aka laƙaba mata. A arewacin Yobe kuwa, Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, ya haɗa da dausayin Bulatura na Yusufari da fadamun Bade da Nguru. Domin tsirrai da tsuntsaye da namun daji aka kafa shi, amma duk kariyar da dausayi ya samu, lakar da ke ƙarƙashinsa ma ta samu.

Killace wuri ba abu ne mai sauƙi ba. Dausayin da masani yake kallo a matsayin taskar tarihi, shi ne gonar wani, shi ne mashayar garken wani, daga kanwarsa wani yake ciyar da iyali. Dokar da aka rubuta a Abuja ba za ta tsare rami a bayan tudun rairayi ba idan mutanen wurin ba su ga amfaninta ba. Kwalekwalen Dufuna bai tsira saboda shinge ko mai gadi ba. Mai haƙa rijiya ne ya dakata ya kai labari. Saboda haka, ɗalibin da ya ga ƙashi mai nauyin dutse, ko itacen da ya zama dutse, ko tsohon kasko a binne, kada ya ciro shi, kada ya wanke shi. Ya lura da wurin sosai, ya ɗauki hoto idan da hali, ya gaya wa malaminsa ko mai unguwa, su kuma su sanar da gidan tarihi mafi kusa.

Ma'anar kalmomi

*burbushi*: ɗan abin da ya rage bayan babban ya ƙare ko ya farfashe.
*dauri*: zamanin da ya wuce da daɗewa ƙwarai.
*tun fil azal*: tun farkon farawa.
*dausayi*: wuri mai ruwa da tsirrai a tsakiyar busasshiyar ƙasa.
*killace*: keɓe wuri a tsare shi.
*rikiɗe*: sauya kama gaba ɗaya.
*tsatsafo*: fitowar ruwa kaɗan-kaɗan ta cikin ƙasa ko dutse.
*ƙwarangwal*: ƙasusuwan jiki duka, ba nama.
*muƙamuƙi*: ƙashin da haƙora suke jere a kansa.
*fiƙa*: dogon haƙori mai tsini, jam'i, fiƙoƙi.
*laƙaba*: sa wa wani suna ko liƙa masa wani abu.

Nazarin harshe

(a) Haruffa masu ƙugiya. Mai koyon Hausa yakan yi sakaci da ƙugiya, alhali ita kaɗai tana iya juya ma'ana. A cikin karatun nan mun haɗu da *ƙura* da *kura*: ta farko iska ce take kwaso ta, ta biyu kuwa ita take kwasar akuya. Mun ga *ƙafa* da *kafa*, mun kuma ga *ƙashi* da *kashi*, kuma wanda ya rubuta cewa masana sun tono kashi a Jurab ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Haka ma *kwari* wuri ne mai gangare, *ƙwari* kuwa su ne gara da buzuzu da danginsu. Ku furta kowane biyu a bayyane har kunne ya rarrabe su.

(b) *An* da *aka*. Idan ba a san wanda ya yi aiki ba, ko ba a bukatar ambatonsa, Hausa tana amfani da *an*: "An sami saiwoyi." Amma *an* yakan koma *aka* bayan *da*, *wanda*, *inda*, bayan kalmar tambaya, da kuma idan an gabatar da wani abu don a ƙarfafa shi: "saiwoyin da aka samu", "Ina aka same su?", "A Jurab aka same su." Haka *sun* yake komawa *suka*, *ta* ta koma *ta* mai gajeren wasali. A cikin labari ma, bayan aiki na farko sauran sukan zo da *aka* ko *suka*: "Sun kafa bututu, suka zaro laka."

Auna fahimta

1. A wace ƙaramar hukuma Kumagannam yake, kuma waɗanne sana'o'i ake yi a dausayi?
2. Me garin furen malmo da bambami ya nuna game da yankin a zamanin da?
3. Me ya sa ba a iya auna shekarun Tumai da ma'aunin da aka auna kwalekwalen Dufuna?
4. Kawo dabbobi uku na Toros-Menalla, ka faɗi irin wurin da kowace take bukata.
5. Bayyana dangantakar kwarin Bodele da ƙurar hunturu.
6. Me marubucin yake nufi da karin maganar "ruwa ba ya tsami banza" a inda ya kawo ta?
7. Marubucin yana ganin maƙwabtan Tumai sun fi shi ba da labarin ƙasar. Ka yarda? Kawo dalili.

Cike gurbi da *an* ko *aka*

1. ____ gano kwalekwalen a 1987.
2. A Dufuna ____ gano shi.
3. Yaushe ____ kafa gandun dajin?
4. Ƙasusuwan da ____ tono suna gidan tarihi.
5. ____ shata hanya, ____ kuma hana ɗaukar kome.

Aikin aji

Ku rabu gida biyu. Ku ɗauka an sami ƙasusuwan dauri a wani dausayi da mutane suke haƙar kanwa. Ɓangare ɗaya ya tsaya a matsayin masu haƙar kanwa, ɗayan a matsayin ma'aikatan gidan tarihi. Ku tattauna a gaban mai gari, wanda malami zai zaɓa daga cikinku, kuna amfani da gaisuwa da kalmomin girmamawa da suka dace, kamar "ranka ya daɗe" da "Allah ya ja zamaninka".

Jinga

Ka tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarku game da tafki, ko kurmi, ko naman daji da suka sani a ƙuruciyarsu wanda yanzu babu shi. Ka rubuta abin da ka ji cikin jimla goma sha biyar, ka ja layi a ƙarƙashin kowane *an* da *aka* da ka yi amfani da shi.